Ɗana yana son shiga fanfar ɗin lise: in bar shi ko in hana?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin unguwar Hausare ne a nan Garwa, arewacin Kamaru, sana'ata sayar da yadi. Ɗana yana ajin segon (aji biyar) a wata babbar lise, wato makarantar sakandare, ta gwamnati, ƙanwarsa kuma tana katiriyem (aji uku). Tun da aka koma makaranta yaron ya hana ni sakat, wai in sa masa hannu ya shiga fanfar, wato masu busa da kiɗan fareti. Ita kuma tana son kulob ɗin jarida. Mahaifiyarsu ta ce a zuriyarmu babu makaɗi, kuma ranar Laraba da yamma yawo kawai yara suke yi da sunan kulob. Ni karatun bokona bai yi nisa ba. Shin abubuwan nan suna da amfani, ko cinye karatu suke yi? In bar su ko in hana?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya su, ya yi musu albarka. A baki tambayarka ɗaya ce, amma abu uku ta ƙunsa: ko kulob yana rage wa yaro maki, ko akwai mai sa ido a kansu ranar Laraba, sai kuma maganar kiɗa a gida irin naku. Na daɗe ina koyarwa a manyan lise na Arewa, na kuma riƙe ofishin da ke kula da waɗannan harkoki, don haka biyun farko zan ba ka amsa da abin da idona ya gani. Na ukun akwai inda hurumina ya tsaya, kuma zan nuna maka wurin in mun kai.

Daga ina abin ya fito

Ba yara suka ƙirƙiro kulob don su samu hanyar fita ba. Yana cikin tsarin ma'aikatar ilimin sakandare, MINESEC. A lise ta gwamnati, ban da shugaban makaranta da muke kira provizer, da masu kula da darussa da masu kula da ladabi, akwai ofishin ayyukan bayan aji, wanda a takarda ake taƙaita shi APPS. Shi ke da alhakin kulob-kulob da kuma kwaferatif ɗin ɗalibai, wadda yaran suke zaɓar shugabanninta a farkon shekara. Saboda wannan ne ake tashi da wuri ranar Laraba, a bar yammacin ga kulob da wasanni. Kuma ko ka sani ko ba ka sani ba, kana biya. Cikin kuɗin da hukuma ta wajabta, sefa 7,500 daga siziyem zuwa turwaziyem (aji ɗaya zuwa huɗu) da 10,000 daga segon zuwa tarminal (aji biyar zuwa bakwai), akwai ɗan kason kwaferatif da wasanni da raya al'adu. Ɗan kaɗan ne, shi ya sa duk makarantar da ka ga tana da kayan busa masu ƙyalli, mafi yawanci ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, ce ta saya, ko wani tsohon ɗalibi da Allah ya buɗa wa ya kawo kyauta.

Shekarar kulob tana da nata kalanda. Ana rajista bayan komawa a Satumba. Kulob ɗin lafiya yana da 1 ga Disamba, ranar yaƙi da cutar sida. Farkon Fabrairu akwai makon harsuna biyu, Faransanci da Turanci, sai kwanakin matasa da ake rufewa da faretin 11 ga Fabrairu, bikin da ake yi tun 1966. Ranar 21 ga Fabrairu ta harshen uwa ce, a nan ne za ka ji Fulatanci da Hausa da Tupuri da Mundang a kan dandamali ɗaya. Sai 20 ga Mayu, bikin haɗin kan ƙasa. 'Yan wasanni kuma suna da gasar FENASSCO, daga matakin gunduma har na ƙasa. Ka riƙe waɗannan ranakun, domin nauyin abin a kansu yake taruwa, kuma za mu koma kansu a maganar maki.

Abin da aji mai cunkoso ba ya bayarwa

Ga abin da nake so ka fi riƙewa a duk amsar nan. A babbar lise, ajin da aka tsara wa yara 60 sau da yawa yana ɗauke da 80 ko 100. Malamin lissafi yana da aji huɗu ko biyar irin wannan. Ya shigo, ya cika allo, ya fita. Wallahi ba don rashin kirki ba, amma har shekara ta ƙare akwai yaran da bai taɓa jin muryarsu ba. Yaron da yake da ƙwazo sosai an san shi, wanda ya fitini kowa ma an san shi. Na tsakiya, masu samun maki 10 ko 11 cikin 20, waɗanda su ne mafi yawa, suna iya yin shekara 7 a makaranta babu babban da ya san sunansu in ba a takardar kiran suna ba.

A kulob yara 20 ne ko 30 a gaban malami ɗaya. Idan ɗanka bai zo atisaye ba, an sani nan take, domin layinsa ya yi giɓi. Idan ya fara ramewa, ko idonsa ya canza, ko ya soma tafiya da yaran da ake zargi da shan tiramol a bayan katanga, malamin kulob ne yake fara lura kafin kowa. Sau da yawa labarin matsalar yaro ta wannan hanyar yake iso ofishina, tun kafin bilten, wato takardar sakamako, ya nuna komai. A ganina wannan ne babban amfanin kulob a makaranta mai dubban ɗalibai, ya fi busar da jaridar kansu.

Sai na biyu. Yaranmu na Arewa da yawa suna rubuta Faransanci mai kyau amma bakinsu yana nauyi in an ce su tashi su yi magana, saboda a gida da kasuwa Fulatanci ne da Hausa. Aji mai mutum 90 ba ya gyara wannan. Yarinyar da aka ba takarda ta karanta labaran mako a gaban makaranta ranar Litinin bayan an ɗaga tuta, makon farko takardar tana rawa a hannunta, bayan wata biyu ita ce ke gyara wa na bayanta inda za su ja numfashi.

Amma kada in zuga maka abin fiye da kima. Za ka ji ana cewa kiɗa yana buɗe ƙwaƙwalwa, yana sa yaro ya iya lissafi. Ni ban gina komai a kan wannan ba. Gaskiya ne yaran da suka daɗe a fanfar galibi masu natsuwa ne, sai dai mai natsuwar ne dama yake jure atisaye, marar ita tun Nuwamba ya gudu. Wanda bai yi bitar lissafi ba zai faɗi lissafi, ko da ya fi kowa iya busa.

Maganar maki

Laraba ɗaya a mako ba ta kayar da kowa. Abin da ke kayarwa shi ne makonni uku ko huɗu kafin 11 ga Fabrairu, da kuma irinsu kafin 20 ga Mayu. A lokacin atisaye yana komawa kusan kullum, wani lokaci har a fitar da yara daga aji a awa ta ƙarshe, domin kowane provizer yana so makarantarsa ta burge a gaban gwamna. Na Fabrairu yana faɗowa tsakiyar zango na biyu, ana cikin gwaje-gwaje. Na Mayu ya fi muni, domin jarrabawar ƙasa tana bakin ƙofa.

Saboda haka ajin da yaro yake shi ne ma'auni. Ajujuwa uku ne ke da jarrabawar ƙasa: turwaziyem tana da BEPC, piremiyer (aji shida) tana da Probatoire, tarminal tana da Bak. A waɗannan ina ba iyaye shawarar a rage, musamman piremiyer, domin Probatoire ce ke tare yara da yawa a hanya. Yaranka kuwa sun faɗo a daidai: segon da katiriyem duka babu jarrabawar ƙasa. In akwai shekarar da za su gwada, to bana ce. Baɗi kowannensu yana ajin jarrabawa, a sake zama a duba.

Abin da nake sa iyaye su yi shi ne yarjejeniya a fili tun yanzu. Ka ɗauki makin da yaron ya saba samu, ka ce in bilten ɗin zango ya sauko ƙasa da shi da maki guda, an dakata sai ya farfaɗo. Kada ka ɗora masa 15 alhali bai taɓa wuce 11 ba, wannan hanawa ce ta bayan gida, kuma yaro yana ganewa.

Fanfar daga kusa

Tunda ita ce ta fi tayar da hankalin gidan, bari in kai ka ciki. Abin da tsofaffinmu suke kira badujala ne: begila, da kakakin Turawa mai maɓalli uku da ake kira torompet, da torombon mai zarya, da babbar ganga, da ƙananan ganguna masu tsara, da faranta biyu na tagulla da ake gwarawa. Abin da suke busawa taken ƙasa ne da kiɗan tafiyar fareti, sai 'yan waƙoƙin da aka juya su dace da taku. Taken ƙasar ma, in ba ka sani ba, 'yan makaranta ne suka tsara shi a 1928, a makarantar horon malamai ta Fulasi da ke kudu.

Malamin kiɗa mai takarda yana da wuyar samu a makarantunmu. Galibi wani tsohon mai busa na soja ko jandarma ne, ko wanda ya koya a coci, APEE take ba shi ɗan abin sabulu ya zo ya horar. Koyon kuma da kunne ne da kwaikwayo, babba yana koya wa ƙarami, ana rubuta do, re, mi a bayan littafi da lambar yatsun da za a danna. Sabon shiga ba a ba shi kakakin ma. Bakin ƙarfen kawai ake cire masa, ya yi ta hura shi yana karkaɗa leɓe har sauti ya fito tsaf. Makonnin farko abin da ke fita ba ya daɗin ji ko kaɗan, kuma a nan rabin masu sha'awa suke watsewa. Idan ɗanka ya wuce wannan matakin, da gaske yake.

Akwai ƙananan abubuwa da ba wanda zai gaya maka. Atisaye mafi tsanani yana zuwa ne cikin hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, kuma da tsagaggen leɓe ba a busa. Man kaɗe da dare yana maganin wannan. Ƙurar hunturun tana shiga maɓallan su riƙa maƙalewa, yara kuma sai su tofa yawu ko su zuba man gyaɗa, wanda ke daskarewa ya ƙara lalata su, alhali akwai ɗan man da aka yi don haka. Kayan ba su isa kowa ba, kakaki ɗaya yara uku suke karɓa-karɓa, don haka in da hali ka saya masa bakin ƙarfe nasa na kansa ya riƙa sawa a aljihu, saboda tsabta. Na Mayu kuma zafi ne. Ka san Garwa a Afrilu, ma'auni yana haura 40, yaro yana tsaye a fili yana hura ƙarfe. Mai horarwa na kirki yana jira rana ta yi sanyi, yana kai su ƙarƙashin dalbejiya, yana ajiye ruwa. A 'yan shekarun nan kuma azumi yana matsowa kusa da faretin Fabrairu, wannan ma abin tambaya ne: yaya za a yi da masu azumi?

Kuɗi ba su da yawa in makarantar ce ke da kayan. Abin da ke faɗo wa uba shi ne ɗinkin kayan fareti, farin safar hannu, takalmi, da kuɗin klando, wato babur ɗin haya, na ranakun da aka yi yamma. Yadin dai ba sai an koya maka inda ake samunsa ba.

Inda nake tsayawa in yi kashedi shi ne fita waje. Fanfar da ta iya, ana gayyatarta biki, ko tarbar wani babba, ko jana'izar Kirista, ana ba da kuɗi. A nan ne yaro ke fara ɗanɗana kuɗin liƙi, yana dawowa dare, kuma ba koyaushe makaranta ta san da fitar ba. Na ga inda mai horarwa yake kwashe yara ranar Asabar ya kai su wasa don aljihunsa. Ka gindaya sharaɗi: duk fitar da babu takarda mai hatimin provizer, ɗanka ba ya zuwa.

"A zuriyarmu babu makaɗi"

Maganar Hajiya ba ta banza ba ce, kada ka yi mata dariya. A wurinmu kiɗa sana'ar gado ce. Masu algaita da kakaki da ganga da ke gaban Lamiɗo ranar hawan salla gidajensu sanannu ne, kuma kiɗan yana tafe da roƙo da kirari. Abin da take gudu shi ne a wayi gari ɗanta yana bin masu kuɗi da ganga a rataye. Fanfar ɗin makaranta daga wani gida ta fito, daga bariki. Babu roƙo a cikinta, babu wasa wani, tsayuwa ce a layi da bin umarni. Yawancin yaran da suka bi ta hannuna sun ajiye kakakin ranar da suka karɓi Bak, yau wasu malamai ne, wasu ma'aikatan jinya, wasu suna kasuwa. Kaɗan sun shiga soja ko 'yan sanda, busar ta yi musu rana a can.

Hukuncin addini kuwa, a nan hurumina ya ƙare. Ni malamin boko ne. Na san malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa a wasu nau'o'i, kuma ba ni zan raba wannan gardama ba. Ka je wurin malamin da gidanku yake bi, amma ka kwatanta masa abin yadda yake: taken ƙasa da fareti, da rana, a filin makaranta. Kada a bar shi ya ɗauka gidan rawa ake nufi. In ya ce a'a kuma zuciyarka ta natsu da haka, babu wanda zai tilasta wa ɗanka, shiga kulob ganin dama ne. Sai dai kada hanin ya zama ya koma gida ya zauna. Akwai sikawut, akwai Kuros Ruj masu koyon taimakon gaggawa, akwai kulob ɗin kimiyya da na kwamfuta, akwai na muhalli masu dashen itace, aikin da yankinmu ya san darajarsa tun zamanin shirin Sahel Vert. Dokar ilimi ta 1998 ta ce makarantar gwamnati ba ta wani addini ba ce, don haka ɗanka zai zauna da Musulmi da Kirista, Bafulatani da Bafali da ɗan kudu, a kowanne ya shiga. Ni ina lissafa wannan cikin riba. Abu ɗaya da za ka bincika: wata ƙungiyar mawaƙan makaranta rabin waƙoƙinta na coci ne, saboda a can masu horarwar suka koya. Ka tambaya kafin ka sa hannu.

Ita kuma yarinyar

Kulob ɗin jarida yana cikin waɗanda na fi so wa 'ya mace. Suna tattara labaran makaranta, su rubuta, malamin Faransanci ya gyara, a manna a allo ko a karanta ranar Litinin. Rubutu ne da karatu da aka sake wa riga, kuma kai tsaye yake taimakon darasin Faransanci. Wani lokaci akan kai su gidan rediyon CRTV na yanki su ga yadda ake aiki. Abin dubawa a nan lokacin tashi ne da hanyar dawowa. In za ta yiwu su riƙa dawowa tare da wanta.

Wata rana za ta iya zuwa ta ce tana son majoret, 'yan matan da ke gaban fareti da sanda da gajeren siket. Wannan daban ne, gidaje da yawa a nan ba sa yarda saboda shigar, kuma ban ga laifinsu ba. Haka daren al'adu da karmes, wato bikin makaranta, da ake yi a kwanakin matasa: da rana wasan kwaikwayo ne da raye-rayen gargajiya, abin sha'awa, amma in duhu ya yi 'yan waje suna cika filin, masu kula kuma sun gaji. Ta je da rana, ta dawo kafin magariba.

Ka je da ƙafarka

Hajiya ta yi gaskiya a rabin maganarta ta Laraba. A kowace babbar lise akwai kulob na takarda: an rubuta suna a Oktoba, an zaɓi shugaba, malamin da aka ɗora wa bai sake leƙowa ba, domin ba a biyansa komai a kai kuma yana da darasi a wata makarantar kuɗi da yamma. Yaran irin wannan kulob su ne ake gani a bakin Binuwai ko a shagon game. Daga gida ba za ka iya bambance na gaske da na takarda ba, ni ma daga nan ba zan iya gaya maka wanne ne a makarantarsu ba.

Gani ya kori ji. Ka rufe shago awa ɗaya wata Laraba, ka tafi ba tare da ka sanar da yaran ba. Ka nemi ofishin APPS, ka tambayi sunan malamin da ke riƙe da fanfar da na jarida, ka gaisa da su, ka karɓi lambar waya. Ka tambaya ko ana kiran suna, da ƙarfe nawa ake tashi. Sannan ka tsaya daga gefe ka duba: akwai babba a wurin, ko yara ne kaɗai suke buga ganga yadda suka ga dama? Ana tsayawa sallar la'asar? In Faransanci zai ba ka wahala, Fulatanci ko Hausa za su wadatar a yawancin ofisoshin nan, ko ka tafi da wani ɗan'uwa. In ka samu malami tsayayye a duka biyun, shawarata ka sa musu hannu na bana, da sharaɗin maki da na takardar fita da na dawowa kafin magariba. In na jaridar ne kawai yake da mai shi, ita ta shiga, shi kuma ku duba wani kulob ɗin tare. Ranar 11 ga Fabrairu kuma ka ɗauki Hajiya ku je filin fareti ta gani da idonta, sai ku yanke na baɗi bayan bilten ɗin zango na biyu ya fito.